Kolorado: jihar da koguna ke fitowa daga cikinta, amma ruwan ba nata ba ne ita kaɗai

A watan Mayun 2022 ne aka tsinci gawar wani mutum cikin tsohon duro a bakin tafkin Mead na kogin Kolorado da ke kusa da Las Vegas a Amurka, ruwa ya ja baya sosai har abin da aka jefa ciki shekaru da dama ya fito fili, daga baya ma jiragen ruwan da suka nitse suka rinƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin labarin kogin Kolorado bai bar kafafen yaɗa labarai ba, yau a ce jihohi bakwai da ke raba ruwansa sun zauna, gobe a ce an tashi baram-baram. A watan Nuwamban 2025 ma wa'adin da gwamnatin tarayyar Amurka ta ba su na su daidaita ya wuce ba su cimma matsaya ba, ga shi kuma ƙa'idojin da ake raba ruwan da su tun 2007 ƙarshen 2026 ne wa'adinsu.

Abin da ke rikita mai bin labarin shi ne, tafkin da ke ƙafewa yana can tsakanin Nevada da Arizona, amma rabin rigimar da jihar Kolorado ake yinta mai nisan ɗaruruwan kilomita, wadda in ka ga hotonta duk duwatsu ne fari fat da dusar ƙanƙara. To me ya haɗa su? Sai an fara duba yadda ƙasar jihar take tukuna.

Yadda jihar take a shimfiɗe

A taswira Kolorado kamar an zana ta da rula, kusurwa huɗu ce cif, faɗinta wajen murabba'in kilomita dubu 270, wato ta kusa kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. Amma a ƙasa gida uku ce. Gabas fili ne shimfiɗaɗɗe na ciyawa da gonakin alkama da masara, tsakiya tsaunukan Rocky ne suka ratsa daga arewa zuwa kudu, yamma kuma tudu ne mai kwazazzabai da jan dutse, busasshe.

Tsayin jihar shi ne abin mamaki. Wurin da ya fi ko'ina gangarawa a duk faɗinta, inda wani ɗan rafi mai suna Arikaree ke shiga Kansas, ya haura mita 1,000 sama da teku. Denver babban birnin jihar yana kan mita 1,609, mil ɗaya daidai. Akwai tsaunuka sama da 50 da suka wuce ƙafa dubu 14, babbansu Elbert mai mita 4,400 da ɗoriya, shi ne mafi tsawo a duk jerin tsaunukan Rocky.

A kan waɗannan tsaunuka akwai wani layi da ba a gani da ido amma shi ne tushen komai, mu kira shi mararrabar ruwa. Ɗigon da ya sauka a yammacin layin zai nufi tekun Fasifik, wanda ya sauka taki kaɗan a gabashinsa kuma ya nufi Atlantika ta mashigin Meziko. Iskar da ke kawo danshi a lokacin sanyi galibi daga yamma take zuwa, in ta bugi tsauni sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da kayanta a nan, kafin ta gangara gabas ta riga ta bushe. Shi ya sa akwai wurare a tsaunukan San Juan da dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara ta kan kai mita 10, alhali Denver ruwan da take samu gaba ɗaya bai kai milimita 400 ba, ƙasa da na Yamai ke nan.

Ga inda gizo ke saƙa: kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan jihar a yamma yake sauka, amma sama da kashi 80 na mutanenta a gabas suke zaune, a jerin biranen da ke gindin tsauni, Fort Collins, Denver, Aurora, Colorado Springs har Pueblo.

Kogunan da suka taso daga nan

Manyan koguna huɗu ne suka samo asali daga jihar. Kogin Kolorado yana farawa ne a matsayin ɗan ƙaramin rafi a gandun daji na tsaunin Rocky, ya yi yamma yana karɓar rassa kamar Eagle da Roaring Fork da Gunnison, ya shiga Utah, ya ratsa Grand Canyon, tafiyar kilomita 2,300 da wani abu har Meziko. Rio Grande daga tsaunukan San Juan yake fitowa, shi ne daga baya yake zama iyakar Texas da Meziko. Arkansas yana tasowa kusa da tsohon garin haƙar ma'adinai na Leadville ya yi gabas har ya faɗa Mississippi. Sai Platte, reshensa na kudu shi ya ratsa Denver, na arewa ya bi ta Wyoming, su haɗu a Nebraska.

Wani ɗan abin dariya, har zuwa 1921 ɓangaren kogin da ke cikin jihar ba ma Kolorado ake kiransa ba, sunansa Grand. Wani ɗan majalisa daga jihar, Edward Taylor, shi ya matsa har majalisar dokokin tarayya ta canza sunan, duk da cewa reshen Green da ke fitowa daga Wyoming ya fi shi tsawo. Tsohon sunan na nan a garin Grand Junction, inda ya haɗu da Gunnison.

Koguna kaɗan ne ƙwarai ke shigowa jihar daga waje, kusan duk fita suke yi, kuma ruwanta na kaiwa jihohi 18 da ƙasar Meziko. Ba damina ce ke cika su ba. Ƙanƙara ce ke taruwa a kan tsauni daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, sai ta narke daga Afrilu zuwa Yuli, a 'yan watannin nan ne mafi yawan ruwan shekara ke gangarowa. Wato dai tsaunin shi ne babban rumbun, madatsun ruwa ƙananan rumbuna ne da ke tare abin da ya sako.

Kalmomi uku da ke yawan fitowa a labarin

Na farko ma'aunin. Amurkawa na auna ruwan noma da abin da za mu kira eka-ƙafa, wato ruwan da zai rufe fili eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya, lita miliyan 1.2 da 'yan kai, ana cewa yana isar gida biyu ko uku shekara guda.

Na biyu, gefen sama da gefen ƙasa. An raba kogin Kolorado gida biyu a wani wuri da ake kira Lee Ferry a arewacin Arizona. Jihohin sama su ne Kolorado, Wyoming, Utah da New Mexico. Na ƙasa kuma Kalifoniya, Arizona da Nevada.

Na uku shi ne ya fi baƙunta ga mai karatu, dokar wanda ya riga. A gabashin Amurka in gonarka na bakin kogi kana da haƙƙin shan ruwansa. A Kolorado ba haka ba ne. Masu haƙar zinare da suka kwararo daga 1858 suna buƙatar jan ruwa zuwa nesa da rafi, sai aka kafa al'adar cewa wanda ya fara janye ruwa ya yi amfani da shi, shi ke da haƙƙi, ko da gonarsa na bayan tsauni. Kundin tsarin mulkin jihar na 1876 ya amince da haka, kotun ƙolin jihar ta ƙara tabbatarwa a 1882. Kowane haƙƙin ruwa yana da shekararsa kamar takardar haihuwa, kuma a shekarar fari ba a raba asara daidai, mai tsohuwar takarda sai ya sha ya ƙoshi kafin mai sabuwa ya samu ko ɗigo. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Mafi tsufa a jihar na wata magudana ce a garin San Luis da manoma masu jin Sifaniyanci suka haƙa a 1852.

A aikace ga yadda abin yake. Manomi mai takardar 1880 da wani abu ya ga ruwa bai iso bakin magudanarsa ba a watan Yuli, sai ya sanar da jami'in ruwa na yankin, shi kuma ya hau mota ya bi kogin sama yana murɗe ƙofofin ƙarfe na masu sabbin takardu, har da sa kwaɗo in ta kama. Mutum na tsaye yana kallon ruwa na wuce gonarsa, masararsa na yaushi, amma ba dama ya taɓa. Jihar na da kotunan ruwa na musamman guda bakwai, kowace da kwarin koginta. Abin ya kai har tara ruwan sama na rufin gidanka a duro sai a 2016 aka halatta wa kowa, shi ma duro biyu kawai, galan 110, don a doka ruwan nan akwai mai shi a can gangare.

Yarjejeniyar 1922 da lissafin da bai fita ba

Wannan doka ta wanda ya riga ita ce ta tsorata Kolorado shekaru ɗari da suka wuce. Kalifoniya na girma da sauri tana jan ruwa zuwa kwarin Imperial, in aka bi dokar tsakanin jihohi to za ta riga kowa, Kolorado ta wayi gari ruwan da ya fito daga duwatsunta ba ta da iko da shi. Wani lauyan jihar, Delph Carpenter, shi ya kawo shawarar a zauna a raba tun wuri. A watan Nuwamban 1922 wakilan jihohi bakwai suka sa hannu a kusa da Santa Fe ƙarƙashin jagorancin Herbert Hoover, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Kowane gefe aka ba shi eka-ƙafa miliyan 7.5 a shekara. A 1944 aka ƙara wa Meziko miliyan 1.5. A gefen ƙasa Kalifoniya ta ɗauki miliyan 4.4, Arizona 2.8, Nevada dubu 300 kacal don lokacin Las Vegas ƙauye ne. Na sama kuma a 1948 suka raba nasu da kaso, Kolorado ta samu kashi 51.75.

In ka haɗa, miliyan 16.5 ke nan a takarda. Matsalar ita ce an yi lissafin ne da shekarun da suka zo da ruwa fiye da ƙima. Matsakaicin abin da kogin ya bayar a ƙarni na 20 wajen miliyan 15 ne, daga 2000 zuwa yanzu kuma ya sauko wajen 12 da rabi. Ƙabilun asali kuwa, kusan 30 a kwarin kogin, ba a gayyace su zaman ba sam, alhali a doka haƙƙin da yawansu ya girmi yarjejeniyar.

An daɗe ba a ji zafin giɓin ba saboda manyan tafkuna biyu, Mead da ke bayan madatsar Hoover ta shekarun 1930, da Powell da ke bayan madatsar Glen Canyon ta shekarun 1960. A ƙarshen shekarun 1990 duk sun kusa cika. Aka yi ta ci daga ajiya, zuwa 2022 kowannensu ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Ba ƙarancin dusar ƙanƙara kaɗai ba ne. Zafi na ƙaruwa, ƙasa na bushewa tun kaka, sai ta fara shan nata ta ƙoshi kafin ta saki wani abu zuwa rafi, shi ya sa a 2021 ƙanƙarar ba ta gaza ta kullum da yawa ba amma ruwan da ya isa Powell wajen kashi ɗaya cikin uku ne na abin da aka saba. Wani bincike na masanan hukumar nazarin ƙasa ta Amurka a 2020 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya na rage ruwan kogin da wajen kashi 9 cikin ɗari. Akwai kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar Utah da Arizona ta zuba kan ƙanƙara, ta sa ta yi duhu ta narke da wuri kafin manoma su buƙace ta.

Me kowane gefe ke cewa

Jihohin ƙasa na cewa su sun riga sun ji jiki. Da aka ayyana ƙarancin ruwa karon farko a watan Agustan 2021, Arizona ce ta yi asarar eka-ƙafa dubu 512, manoman gundumar Pinal suka bar gonaki ba shuka. A 2023 jihohin uku suka yarda su rage miliyan 3 zuwa 2026, gwamnatin tarayya na biyan diyyar mafi yawansa. A tayin da suka gabatar a 2024 sun ce za su ɗauki ragin miliyan 1.5 na farko su kaɗai, amma in abu ya ƙara lalacewa to dole na sama ma su sa hannu a aljihu. Suna kuma riƙe da wani sashe na yarjejeniyar da ya ce jihohin sama ba za su sa ruwan da ke wuce Lee Ferry ya gaza miliyan 75 a kowane shekaru goma a jere ba.

Kolorado da 'yan uwanta kuma suna cewa ai mu ba mu taɓa shan rabonmu cikakke ba, abin da muke amfani da shi miliyan 4 ne da wani abu cikin 7.5, ku kuwa shekara da shekaru kuna kwashe naku duka, ga wanda rana ke shanyewa daga tafkuna da magudanai sama da miliyan ɗaya ba a lissafa muku. Hujjarsu ta biyu ta yanayin ƙasa ce zalla: manyan tafkunan biyu suna gangare da su ne, ruwa kuma ba ya hawa tudu. Manomin Kalifoniya yana yin odar ruwa a sako masa daga Mead, manomin Kolorado kuwa abin da tsauni ya bayar a shekarar shi ke nan, don haka a cewarsu duk shekarar fari suna shan ragi ba tare da kowa ya rubuta a takarda ba. Misalin da suke yawan kawowa shi ne gonar ƙabilar Ute Mountain Ute a kudu maso yammacin jihar, wadda a 2021 wajen kashi 10 cikin ɗari kawai na ruwanta ta samu.

Kowace hujja na da raminta. Gaskiya ne na sama ba su kai rabonsu ba, amma rabon nan na ruwan da babu shi ne, kuma suna ci gaba da faɗaɗa madatsu, misali ɗaga madatsar Gross da hukumar ruwan Denver ke yi. Gaskiya ne kuma na ƙasa sun rage sosai, amma bayan an daɗe ana cin ajiya. Shi kuma sashen miliyan 75 ɗin, na ƙasa na karanta shi a matsayin bashi da dole a biya, na sama na cewa sai in su ne suka jawo ƙarancin, ba sauyin yanayi ba. Kotu ba ta taɓa yanke wannan ba.

Rigimar cikin gida

Ko a cikin jihar ma ba baki ɗaya ake ba. Tunda ruwa na yamma mutane na gabas, sai aka huda duwatsun. Ramin Adams mai tsawon kilomita 21 ya bi ta ƙarƙashin gandun dajin Rocky tun 1947 yana kai ruwa gonaki da garuruwan arewa maso gabas, ramin Roberts mai kilomita 37 yana ɗauko wa Denver daga tafkin Dillon, ga na Moffat, ga aikin Fryingpan zuwa kogin Arkansas da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1962. Jimilla wajen eka-ƙafa rabin miliyan ke tsallake mararrabar duk shekara, kuma kusan rabin ruwan famfon Denver daga can yake zuwa.

Abin lura a nan, yawancin waɗannan ramuka takardunsu sun zo bayan 1922, yayin da tsofaffin gonakin yamma da dama suka riga yarjejeniyar. Ke nan in aka tilasta wa jihar ta rage, a bisa doka birane ne za a fara rufe wa. Amma birni na da kuɗi, ba zai zauna da ƙishi ba, zai je ya sayi tsohuwar takardar manomi ne. An riga an ga haka a gundumar Crowley da ke kwarin Arkansas, inda daga shekarun 1970 manoma suka sayar wa Pueblo da Colorado Springs da Aurora haƙƙin ruwansu, gonakin ban ruwa wajen eka dubu 50 suka ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, fili ya koma ƙura da ciyayi marasa amfani, yanzu gidajen yari ne manyan masu ɗaukar aiki a gundumar.

Tsoron haka ne ya sa mutanen yamma suka haɗa kai a ƙarshen 2023 suka ƙulla cinikin dala miliyan 99 da kamfanin Xcel don sayen haƙƙin ruwan wata tsohuwar ƙaramar tashar lantarki mai suna Shoshone a kwazazzabon Glenwood. Ba wutar suke so ba. Takardar tashar ta 1902 ce, kuma tashar ba ta cinye ruwa, juya inji kawai yake ya koma kogi, don haka duk sanda ta nemi haƙƙinta dole a bar ruwa ya gangaro yamma maimakon a karkatar da shi gabas.

Sauran kogunan ma kowanne da shari'arsa. Kansas ta kai Kolorado kotun ƙoli kan kogin Arkansas, aka biya ta sama da dala miliyan 30 a 2005. Nebraska na son haƙa magudana a cikin ƙasar Kolorado bisa wata yarjejeniyar 1923 kan Platte ta kudu. A kwarin San Luis da Rio Grande ya ratsa, inda ake noman dankalin turawa kusa da tudun yashin da suka fi tsawo a Arewacin Amurka, ruwan ƙasa ne ke ja da baya, ana biyan manoma su rufe rijiyoyi.

Wa abin zai taɓa

Mutum wajen miliyan 40 ne ke shan ruwan kogin Kolorado, amma ba famfo ne ke cinye shi ba. Noma ke ɗaukar wajen kashi uku cikin huɗu na abin da mutane ke janyewa, kuma babban kaso na tafiya ne ga alfalfa da sauran ciyawar shanu. Saboda haka duk ragin da za a yi, a gona zai fi sauka. Ga manomi hakan na nufin ko a biya shi ya bar gona ta huta, ko ya sayar gaba ɗaya, kuma in ya sayar ba shi kaɗai abin ya shafa ba, mai sayar da taki da leburan gona da makarantar garin duk sun shiga ciki. Ga ɗan birni kuma, ƙarin kuɗin ruwa ne da dokar ranakun ban ruwan ciyawar ƙofar gida, jihar ma ta yi doka a 2024 da ta hana shuka sabuwar ciyawar ado a wuraren kasuwanci da gefen tituna. Ga mai sayen latas a New York a watan Janairu, mafi yawan ganyen sanyi na Amurka daga Yuma ta Arizona da kwarin Imperial yake fitowa, da ruwan nan. Akwai kuma lantarki, in saman ruwan Powell ya gaza tsayin ƙafa 3,490 sama da teku, injinan madatsar Glen Canyon za su tsaya, ƙananan garuruwa da ƙabilun da ke sayen wutarta mai araha su koma kasuwa.

In jihohin ba su daidaita ba, ma'aikatar cikin gida ta Amurka na iya ɗora nata tsarin, sai dai ikonta ya fi ƙarfi a gefen ƙasa, a Kolorado injiniyan jiha ne ke da makullin magudanai. Ɗayar hanyar ita ce kotun ƙoli, kuma shari'ar Arizona da Kalifoniya da aka shigar a 1952 sai 1963 aka yanke ta.

Kafin nan dai kowa idonsa na kan farkon Afrilu, lokacin da ƙanƙara ke kai ƙololuwarta. Ma'aikata na hawa tsauni da dogon bututun ƙarfe su caka shi cikin dusar har ƙasa, su zaro su ɗora a sikeli don sanin ruwa nawa ne a ciki, ana haɗawa da na na'urorin da aka kafa a kan tsaunuka. Daga wannan awo ake hasashen abin da zai shiga Powell daga Afrilu zuwa Yuli, a watan Agusta kuma hukumar madatsun tarayya ta fitar da alƙaluman da ke nuna nawa za a sako wa jihohin ƙasa a shekara mai zuwa.